Ƙafar Hagu Ta Motar Baba

Shekarun baya, lokacin da na gama kwalejin horar da malamai na dawo gida Birnin Gwari ina zaman jiran aiki, na yi wata sana'a da babu ita a takardar shaidata. Na zama mai karanta wa mahaifina tallan tsofaffin kayan mota. Jiya wata ƙawata ta ari wayata, ta ga hotunan ƙarafa masu tsatsa a wani guruf ɗin waya da har yau ban fita daga cikinsa ba, ta tambaye ni ko gareji na buɗe ban gaya mata ba. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin.

Mahaifina direba ne tun ban san kaina ba. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Japan, fara ce a da, amma farin ya daɗe da komawa ruwan ƙasa. Da ita yake bin kasuwannin ƙauye, yau Dogon Dawa, gobe Tabanni, jibi Saminaka, ya ɗebo masara da dawa da waken suya, wani lokaci har da tumakin Fulani, mai su yana zaune a kan buhu yana riƙe da igiya. A cikinta aka kai mahaifiyata asibiti ranar da za ta haife ni. Ita ta ciyar da mu, ita ta yi mana makaranta. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, amma a gidanmu kowa ya san motar ce 'yar fari.

Farkon wata damina yana dawowa daga wajen Tabanni da rana tsaka, ya daki wani kututture a gefen hanya. Shi bai ji ciwo ba, amma gaban motar ta hagu ya tafi. Ya ce mana saniya ce ta gitta masa. Abokinsa bakanike, wani dattijo ɗan Gbagyi da muke ce wa Kawu tun muna yara, shi ya je ya jawo motar. Da ya dawo sai ya ja mahaifiyata gefe ya ce bai ga sawun saniya ba a wurin, kuma kututturen nan ya girme ni, mahaifina da kansa yake gargaɗin sababbin direbobi a kansa.

Da ƙyar aka shawo kansa aka kai shi asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Za a ba shi magani don a tsare ragowar, amma tuƙi kam ya ƙare.

Tun a hanyar dawowa ya kafa mana doka: kada wanda ya gaya wa mutanen tasha. Duk wanda ya zo gaisuwa, a ce masa ciwon ƙafa ne, yana kwance. Haka mahaifiyata ta yi ta sallamar mutane daga bakin ƙofa har suka gaji suka rage zuwa. Ya daina fita majalisa. Mutumin da muryarsa ke tashin unguwa da asuba ya koma zama a cikin zaure, ya juya wa ƙofa baya. Ita kuwa motar tana nan ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, an tokare gabanta da duwatsu, kaji sun mayar da ƙasanta wurin ƙwai.

Yayana da ke aiki a Kaduna ya ce a sayar wa 'yan gwangwan tun tsatsa ba ta gama da ita ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ba da mugun nufi ba. Ya turo wani mutum ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce ƙarfe ne kawai, a kan sikeli za a yi maganarta. Mahaifina yana zaure yana jin komai. Ranar tuwonsa haka ya dawo ba a taɓa ba.

Ina wanke kwanoni mahaifiyata ta zo ta tsaya a kaina ta ce, “In aka ɗora motar nan a bayan wata mota aka bar ƙofar gidan nan da ita, mahaifinki ba zai daɗe ba.”

Sai na kira yayana na roƙe shi ya ba ni zuwa kaka. Ya tambaye ni wa zai tuƙa ta in an gyara, na ce ban sani ba. Ya ce to, amma in aka cire masara ba ta tashi ba, kada in sake yi masa magana.

Kawu ya ce abu uku ake nema: lagireto, da fitilar gaba, da wani ƙarfe da ake ce wa lowa-am, wanda ke riƙe ƙafar mota daga ƙasa. Matsalar ita ce motar ta tsufa, babu kayanta a garinmu. Hanyar Kaduna kuwa, wanda ya san yadda take a shekarun nan ya sani. Motoci sai sun taru sun jira rakiyar jami'an tsaro, ba wanda zai sa kansa a dajin nan don kawai ya je yawon duba shaguna. Amma ya ce akwai wani guruf a waya, na masu sayar da kayan Baljiyam, wato tsofaffin kayan mota na ƙasar waje, da direbobi da kanikawa, a nan ake saka hoton kaya da bayaninsa, in ka ga naka a ba direba ya kawo maka. Shi wayarsa ƙarama ce mai tocila, don haka lambata aka saka.

Ni kuwa Turanci na karanta a kwaleji, har ina jin kaina. Na ce wannan ai aikin yini guda ne. Na buɗe guruf na ci karo da hoto, a ƙasansa an rubuta RAD M/T W/O FAN. Na biye da shi an rubuta FR LH H/LAMP ASSY. Na karanta daga hagu, na karanta daga dama. Duk baƙaƙen na san su, amma da suka taru wuri guda sai suka zame mini baƙi. Hotunan ma ba su taimake ni ba, don a lokacin ban san bambancin lagireto da ragar taga ba.

Dole na ɗauki wayar na shiga zaure bayan la'asar. Ya ce, “Me zan yi da waya, Uwata, ni da fuskarki ma sai kin matso?” Na ce ba kallo zai yi ba, ni zan faɗa masa abin da na gani, shi ya faɗa mini ko mene ne. Bai kore ni ba, sai na shimfiɗa ɗankwalina a gefen tabarmarsa na zauna.

Na kwatanta masa abu mai faɗi mai raga-raga da murfi a sama, ya ce lagireto ne. Sai na gyara murya irin ta malamar makaranta na yi masa bayanin M/T. Na ce in ka furta baƙaƙen da sauri suna ba da kalmar Turanci mai nufin fanko, wato lagireton babu komai a cikinsa.

Ya ce, “To da can da ruwansa ake sayar da shi?”

Ya tambaye ni ko akwai wani lagireton, na ce akwai, amma shi A/T aka rubuta. Ya ce in duba ƙasansu duka biyun da kyau in faɗa masa bambanci. Na buɗa hoton da yatsu, na ce mai A/T yana da wasu ƙananan bututu biyu a ƙasa, ɗayan ba shi da su. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, ta farko tun ranar kututture. Ya ce bututun nan na man giya ne, motar otomatik ke da su. Ɗayan na mai giyar hannu ne, irin tamu. Mahaifiyata ta leƙo daga tsakar gida da muciya a hannu, ta dube mu ta koma.

Kada ku ɗauka ni kaɗai ce na sha kunya. Da muka zo kan FR, shi ya yanke hukunci cewa Faransa ake nufi. Yana da tsohuwar soyayya da motocin Faransa tun zamanin samartakarsa. Na ce ai tamu 'yar Japan ce, ya ce in bar shi, Faransawa suna yi wa kowa fitila, kuma in dai tasu ce har jikokina sai sun gan ta tana ci. Muka yi kwanaki a kan haka, har na lura duk abin da aka sa wa FR na gaban mota ne, duk wanda aka sa wa RR na baya ne. Da na kawo masa hujja ya shafa gemu ya ce, to ai Faransa ma a gaba take, bai yi kuskure sosai ba.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne ASSY. Na ga kalmar a ƙarshen bayanin kaya da yawa, sai na ɗauka sunan mai shagon ne yake sa wa a matsayin sa hannu. Na kira lambar na yi sallama na ce don Allah da Malam Asi nake son magana. Mutumin ɗan ƙabilar Ibo ne haifaffen Kaduna, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya ce ba su da mai wannan suna. Na dage na ce ga shi nan ya sa hannu a ƙasan hoton fitila. Sai na ji ya janye wayar daga kunnensa yana gaya wa na kusa da shi, shago ya ɗauki dariya. Da ya dawo ya ce, Hajiya ki yi haƙuri, abin da ake nufi shi ne kayan a haɗe yake da komai nasa, fitila da gidanta da wayoyinta. Ya ce shi ma ba shi ya ƙirƙiro baƙaƙen ba. Daga can ƙasashen waje masu farfasa motoci suke rubuta su a jikin ƙarfen da fenti ruwan ɗorawa, shi kwafewa kawai yake yi. Tun daga ranar, in na kira sai ya ce wa yaransa a kawo kujera, 'yar uwar Malam Asi ce.

W/O kam mu muka gano shi da kanmu, ba tare da kowa ba. Hoton lagireton babu fanka, wani kuma mai W/ kaɗai yana da ita, wato W/O babu ke nan. Kawu ya ce fankarmu ba ta yi komai ba, don haka marar fankan muka ce a kawo. LH ma bai ba mu wuya ba, hagu ne, RH dama. Aka ba wani direba lagireto da fitila ya biyo ayarin rakiya ya kawo. Mahaifina ya ɗora su a cinya yana bin su da yatsu lungu-lungu kamar mai duba jariri. Kawu ya ɗaura, suka zauna daram.

Daga nan zaman la'asar ya zama ƙa'ida. Ina idar da salla zan ji ya ɗaga murya, “Uwata, ba a saka sabon abu ba yau?” Har kayan da ba ruwanmu da su muke karantawa, na tirela, na bas, na motocin da ba su taɓa taka garinmu ba. Kowane ƙarfe kuma da labarinsa. In na kwatanta masa sifirin, sai ya tuna ranar da nasa ya karye a tsakiyar daji ya ɗaure shi da icen marke da igiyar shanu, wani Bafulatani ya ba shi nono da fura ya ƙi karɓar ko godiya. In na ce kafireto, sai ya faɗa mini yadda ya fara ganin mahaifiyata a kasuwar Dogon Dawa, ya buɗe gaban mota ya yi ta kwance abin da lafiyarsa ƙalau don kawai kada ya tashi kafin ta gama sayayya. Ita kuma daga tsakar gida ta ce ƙarya yake yi, motar ce ta mutu da gaske, ƙannenta ne ma suka tura. Wani lokaci ruwa ya sauko muna zaune, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika zauren, a kawo mana gasasshiyar masara, in riƙa ɓantaro masa ina zuba masa a tafin hannu.

Lowa-am ne ya ƙi samuwa. Mun daɗe muna jira, har dawa ta fara fitar da kai, sannan mutumin namu na Kaduna ya saka hoton guda biyu na irin motarmu. Sai dai babu LH babu RH. Ɗaya an rubuta O/S/F, ɗayan N/S/F. F ɗin mun san gaba ne. Sauran kuwa nan take na fassara: na ce N sabo ke nan a Turanci, O tsoho, don haka mai N za mu ɗauka. Mahaifina ya ce a'a, mun wuce kintace, in kira in tambaya.

Na kira. Mutumin ya ce O/S gefen direba ne, N/S gefen fasinja, haka wanda ya turo masa kayan ya koya masa. Mahaifina ya karɓi wayar da kansa ya sake tambaya, aka maimaita masa. Ya ce to, tamu gefen direba ce ta karye, a kawo O/S. Ya miƙo mini wayar yana cewa in ga amfanin tambaya.

Sai kuma hanya ta ɓaci. Aka yi kwanaki ba mota mai shiga ba mai fita, kowa ya kama bakinsa da addu'a. Lokacin da saƙon ya iso, masarar gonarmu ta fara bushewa a tsaye.

Kawu ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin motar. Muna jin ƙarar ƙarfe, sai shiru, sai ƙara, sai shiru mai tsawo. Ya fito ya karkaɗe rigarsa, ya kawo wa mahaifina sabon ƙarfen da karyayyen ya ajiye masa a gaba. Mahaifina ya shafa wannan ya shafa wancan, ya haɗa su fuska da fuska. Iri ɗaya ne sak, sai dai kamar takalmi ne aka kawo maka na dama alhali na hagu ka rasa.

Ya ce in kira in tambaya daga wace ƙasa kwantenar kayan ta fito. Aka ce Ingila.

Sai mahaifina ya ce, “Direban Ingila a dama yake zama.” Ya ce yana yaron mota aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, da idonsa ya ga ranar, ya yi shekaru yana shiga motoci masu sitiyari a dama. In akwai wanda ya kamata ya tuna a duk garin nan, shi ne. Ban tuna masa cewa kintacen da na yi da ya fitar da mu ba, ko da yake dalilina ba daidai ba ne. Ba ranar wasa ba ce.

Mai shagon ya yi ta ba da haƙuri, ya ce zai karɓi kayansa, amma na hagun an riga an saye, kuma bai san ranar da wani zai shigo ba. Na rubuta cigiya a guruf da baƙaƙen da na koya, na tsara su tsaf ina alfahari. Ba wanda ya tanka, saƙon ya nutse a ƙarƙashin hotunan tayoyi.

Da yamma mahaifina ya ce, “Kira yayanki, ki ce ya turo mutumin nan mai sikeli.” Ya dafa bango ya shige ɗaki. Ni kuma na zagaya bayan rumbu na yi kukana. Ban kira ba.

Washegari da hantsi mahaifiyata ta kai masa koko, ta zauna, abin da ba ta saba yi ba. Ina tsakar gida ina shara ina jin su. Ta ce masa shekara da shekaru yana tsayawa a daji ya ja motar wanda bai sani ba, ya ba da mai, ya ba da taya, ya dawo gida a makare ta yi ta zullumi. Ta ce ita ta gaji da yi wa mutanen kirki ƙarya a bakin ƙofa. Sannan ta ce, “Malam, ciwon ido ne Allah ya ɗora maka, ba sata ka yi ba.”

Da la'asar ban shiga zaure ba, don ban ga abin da zan karanta ba. Sai na ji mahaifina ya kira ni. Ya tambaye ni ko abin nan nawa yana ɗaukar murya. Na ce yana ɗauka. Ya ce in kawo masa hularsa. Na ce ai ba za a gan shi ba, ya ce shi ya san da wa zai yi magana. Ya sa hula, ya gyara zama, na ɗora masa babban yatsa a wurin da ake dannawa.

Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da laƙabin da aka san shi da shi a tasha. Sannan ya ce, “Ba ciwon ƙafa nake yi ba kamar yadda aka gaya muku, ni na sa a faɗi haka, ku yafe wa iyalina. Idona ne ya tafi. 'Yata ce take karanta mini abin da kuke rubutawa. Ina neman lowa-am na gaba, na hagu. Hagun mutumin da ke zaune cikin mota yana kallon hanya. Wanda ya san inda yake, ya taimake ni.”

Ban san mutanen garinmu suna da yawa a guruf ɗin ba, don ba sa magana. Ashe yawancinsu irinmu ne, suna ganin baƙaƙen su wuce don kada su yi tambaya a yi musu dariya. Kafin magariba wayata ta cika da muryoyi. Wasu jaje, wasu addu'a, wani kuma ya ce tunda Baba ya buɗe ƙofa, shi ma don Allah a gaya masa mene ne O/S, ya daɗe yana son sani. Aka yi ta tura muryar daga waya zuwa waya har ta fita daga guruf.

Da safe tabarmin gidanmu suka kasa, sai da aka aro na maƙwabta. Direbobi, 'yan kamasho, masu lodi, har da mai shayin tasha da butarsa. Wani tsohon direba sa'ansa ya zauna kusa da shi ya yi ta yi masa faɗa, ya ce su sun ɗauka wani laifi suka yi masa ya yanke su, har sun yi ta binciken junansu. Mahaifina ya sunkuyar da kai yana murmushi yana cewa a yi haƙuri. Ina kai ruwa ina dawowa, ban taɓa ganin an yi wa mutum faɗa yana jin daɗi haka ba.

Ana cikin haka wani ya kira daga wajen Funtuwa. Ya ce ba lalle mahaifina ya tuna shi ba, amma wata damina ya taɓa jawo shi daga cikin laka a hanyar Saminaka. Ya ce akwai gawar irin motarmu a bayan gidansa, injinta ya mutu amma ƙafafunta lafiya lau, zai sa a kwance na hagun. Da aka yi masa maganar biya ya ce a aiko masa da na Ingilan kawai ya rataye a shagonsa, ya riƙa nuna wa yara. Mahaifina kuwa har ya rasu bai tuna ranar lakar ba. Ya ce sun yi yawa.

Ranar da ƙarfen ya zo, rabin tasha ne suka tsaya a kan Kawu, kowa yana ba shi shawarar da bai nema ba. Aka cire duwatsu, aka kori kaji, aka sauke ta a kan ƙafafunta huɗu. Sai da aka tura ta, ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta kama. Kawu ya shiga mazaunin direba. Mahaifina ya tsaya riƙe da ƙofar ɗaya gefen, kujerar da ya yi rayuwarsa yana kira ta mai zaman banza. Na ga ya ɗan yi jinkiri, sannan ya tattara rigarsa ya shiga. Ni da mahaifiyata muka hau baya muka zauna a tabarma, muka nufi gonarmu da ke bayan gari. Ta tagar baya ina jin sa yana cewa Kawu ya rage gudu akwai rami a gaba, ya riƙe dama akwai kwalbati. Ramin yana nan, kwalbatin ma yana nan. Wuri ɗaya ne kawai ya ce a kauce wa rami Kawu ya ce masa an cike shi tun bara, shi kuma ya ce to a kauce dai, don girmamawa.

Ita ta kwaso masararmu a kakar nan. Mutanen tasha suka samo mana direba mai amana ya ci gaba da bin kasuwanni da ita, in tafiyar kusa ce mahaifina ya bi shi. Ya koma majalisa, da sanda, kuma ba ya ɓoye ta. Da yayana ya zo hutu ya tarar da ita a ƙofar gida da laka a tayoyinta. Ya naɗe hannun riga ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke ta tas.

Ta yi wasu shekaru tana aiki. Ni na samu koyarwa, na yi aure, zaman la'asar ya koma na ranar da na je gida. Bayan rasuwar mahaifina aka sayar da ita ga wani manomi, kuma da ƙafarta ta bar ƙofar gidanmu.

In na waiwaya yanzu, abin da ke ba ni mamaki shi ne ban san mahaifina ba sai a daminar nan. 'Ya'yan direba sun san abin da nake nufi. Muna barci yake fita, muna gyangyaɗi yake dawowa, abin da muka sani nasa shi ne ƙarar inji da tsarabar rake. Sai da ido ya zaunar da shi, wasu baƙaƙe marasa kan gado suka ba ni dalilin zama kusa da shi, sannan na ji yadda yake ba da labari, na san abin da ke ba shi dariya da abin da yake tsoro. A lokacin gani nake wahala muke sha. Yau da za a ce in zaɓi wata damina in sake rayuwa a cikinta, ba zan yi dogon tunani ba. Wanda nasa ke raye, ya nemi dalilin zama, ko da na banza ne.

Wayata ta wancan lokacin ta daɗe da lalacewa, komai na ciki ya tafi. Amma ranar sadakar bakwai, wani direba ya aiko matarsa cikin gida ta karɓi lambata, ya turo mini muryar nan. Ashe yana ajiye da ita duk shekarun nan. Na saurara, sai na ji abin da na manta. Bayan ya gama magana bai ɗaga yatsansa ba, wayar ta ci gaba da ɗauka. Ana jin kaza tana kuka a waje, ana jin numfashinsa. Sai ya rage murya ya ce, “Uwata, ya tafi?” Sai wata yarinya, da ƙyar na gane ni ce, ta ce, “Bai tafi ba, Baba, sai ka saki.”

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan naku. Ni dai har yau in na zo daidai nan, sai in mayar da ita farko.